Filin Tambaya da Amsa: A Ina Zan Koyi Ɗaukar Hoto a Intanet?

Wasiƙun da suka iso mini a wannan karo kusan duk bakinsu ɗaya: a ina mutum zai koyi ɗaukar hoto a intanet, kuma me zai kalla idan ya ji idonsa ya gaji? Na zaɓi huɗu. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, ina fata za su tsinci amsarsu a cikin waɗannan.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Wata takwas ke nan da na sayi kyamara ta hannu. Kullum sai na kalli bidiyon koyon hoto a YouTube, wani lokaci har awa biyu. Na haddace sunayen kyamarori da madubansu, amma hotunana suna nan jiya-i-yau. Kowane mai bidiyo kuma da abin da yake faɗa. Wanne zan riƙe? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin komai, ka buɗe jerin abubuwan da ka kalla ka ƙirga bidiyo 20 na baya-bayan nan. Nawa ne suke magana a kan haske, nawa ne suke magana a kan kaya? Ina kyautata zaton na kayan sun yi rinjaye nesa ba kusa ba. Ba laifinka ba ne. Da yawa daga masu irin wannan bidiyo suna samun kamasho idan an sayi kyamara ta hanyarsu, ita kuma manhajar abin da ka kalla jiya shi take ƙara turo maka yau. A haka mutum zai wayi gari ya san kasuwa ciki da bai, bai san hoto ba.

Malami ɗaya kake buƙata, mai tsari, wanda zai ɗauko ka daga tushe. Ni shafin da nake fara tura ɗalibaina shi ne Cambridge in Colour. Rubutu ne da zane-zane, kyauta ne, kuma ba ya cin data. A nan za ka zauna da abubuwa uku da kowane hoto yake tsaye a kansu. Na farko ƙofar haske, wato kafar da ke cikin madubin kyamara (lens), wadda ake rubuta girmanta f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Duk matakin da ka hau a wannan jeri, hasken da ke shiga ya ragu da rabi, kuma abubuwan da ke gaba da bayan wanda kake ɗauka sun ƙara fitowa tas. Na biyu saurin ƙiftawar kyamara: daga 1/60 na daƙiƙa zuwa 1/125, nan ma haske ya ragu da kusan rabi. Yaro mai gudu yana son 1/500 ko sama da haka, in kuwa ka sauka zuwa 1/30 da kyamara a hannu, rawar hannunka za ta iya fitowa a hoton. Na uku ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, wanda daga 100 zuwa 200 yake ninka hasken hoton, amma in ka cika ɗaga shi sai hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa. Duk lissafin bashi ne da biya. Abin da ka rage a ɗaya, sai ka biya shi a ɗayan.

Idan wannan ya zauna maka kuma kana son sanin dalilin kowane abu, ka nemi laccocin Marc Levoy. Farfesa ne da ya koyar da darasin hoton dijital a Jami'ar Stanford da ke Amurka, daga baya ya yi aiki a kan kyamarar wayoyin Pixel a kamfanin Google. A 2016 aka naɗi darasin nasa a bidiyo, lacca 18, kuma duk suna YouTube kyauta. Akwai ɗan lissafi a ciki, kada ya razana ka. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, lacca ɗaya a mako ta isa. Ranar da ka kai ga son amfani da fitilar kyamara kuwa, akwai jerin darussan Lighting 101 a shafin Strobist, wanda David Hobby, tsohon mai ɗaukar hoton jarida, ya fara a 2006. Da ƙaramar fitila ɗaya yake koyarwa, abin da ya sa nake ganin girmansa ke nan.

Sai dai zomo ba ya kamuwa daga zaune. Ƙa'idar da nake ba kowa ita ce: duk minti 10 na kallo, a biya shi da awa ɗaya ta ɗauka. Ga aikin da za ka yi gobe da hantsi. Ka samu ɗaki mai taga ɗaya, ka kashe ƙwan lantarki, ka zaunar da wani a kujera kusa da tagar, kafaɗarsa tana fuskantarta. Za ka ga rabin fuskarsa a haske, rabi a inuwa. Ka ɗauka. Ka ce ya ɗan juyo wajen tagar kaɗan-kaɗan har sai haske ya tsallaka hancinsa ya sauka a kumatun da ke inuwa. Ka sake ɗauka. Yanzu ka ɗauko farin kwali ka riƙe a ɓangaren inuwar, kana matso da shi kana ja da baya, kana kallon yadda duhun yake laushi yana komawa. Ka duba ƙwayar idonsa, za ka ga ɗan farin ɗigo, hoton tagar ke nan, kuma shi yake sa ido ya yi rai. A ƙarshe ka ja kujerar taku uku zuwa cikin ɗaki ka ga yadda hasken ya faɗi warwas. Ranar da na fara yin wannan da kaina, na fahimci abin da na yi shekara ina karantawa bai shige ni ba.

Abu ɗaya kuma, domin na san shaiɗanin sabuwar kyamara zai ci gaba da raɗa maka. Ka shiga Flickr ka nemi hotunan da aka ɗauka da irin kyamararka. A ƙarƙashin hotuna da yawa za ka ga bayanan da kyamarar ta adana da kanta: wane madubi, wace ƙofar haske, wane sauri, ISO nawa. Ka zaɓi guda biyar da suka burge ka, ka rubuta lambobinsu a takarda, ka fita ka gwada.

TAMBAYA: Malam, Turancina bai yi ƙarfi ba, kuma datar da nake samu ba ta da yawa. Ni ke nan an bar ni a baya? Daga wani mai ƙaramin shagon hoto.

AMSA: Ba a bar ka ba, ɗan'uwa. A YouTube za ka iya rage saurin magana zuwa 0.75 ka kunna rubutun da ke fitowa a ƙasa, kuma darasin da mutum yake bayani ba ya buƙatar ka buɗe shi a mafi girman inganci, 360p ya wadatar. Shafukan rubutu kuma kana iya juya su zuwa Hausa da Google Translate. Fassarar takan yi tuntuɓe a kalmomin sana'a, amma lambobi da zane ba sa canjawa, su za su riƙe maka hanya. Don gyaran hoto kada ka takura kanka da manhajar biya tun yanzu: Snapseed a waya kyauta ce, darktable da GIMP a kwamfuta su ma haka. Mafi girman darasi kuma, wato kallon hotunan gwanaye, ba ya buƙatar kowane harshe. Ka karanta amsar ƙarshe a wannan fili, taka ce kai ma.

TAMBAYA: Barka da aiki, Malam. Duk hoton da na ɗora a Instagram, abokaina sai yabo. Ni kuwa na san akwai gyara, amma ba mai faɗa mini. Ina zan samu mai gaya mini gaskiya? Sannan ina ganin tallan gasar hoto iri-iri, in shiga? Daga wani matashi.

AMSA: Yawwa ɗana, wanda ya san akwai gyara ya riga ya yi rabin tafiya. Abokanka kai suke so, shi ya sa suke danna alamar so, kuma ka gode musu. Amma yawan dannawa ba ma'aunin hoto ba ne. A fuskar waya, inda yatsa yake wucewa cikin daƙiƙa ɗaya, launi mai ƙarfi da faɗuwar rana su suke cin kasuwa, hoto mai natsuwa kuwa sai a wuce shi.

Ka nemi mutum ɗaya ko biyu da aikinsu ya fi naka, ka rubuta musu cikin ladabi. Kada ka tura hoto 40 ka ce "ya kuka gani?" Ba mai amsa wannan. Ka tura uku, da tambaya takamaimai: na so idon mai kallo ya fara sauka a hannun wannan dattijo, a ina naka ya sauka? Irin wannan tambaya ko mai aiki da yawa yakan tsaya ya amsa. In ta WhatsApp za ka tura, ka tura shi a matsayin fayil, domin hanyar da aka saba tana matse hoto ta rage masa inganci. Ka kuma tuna waya takan rubuta ainihin wurin da aka ɗauki hoto a cikin bayanansa. In gidan wani ne ko yara ne a ciki, ka cire wannan bayani, kuma ka nemi izinin mutane kafin ka ɗora fuskarsu a idon duniya. Wannan haƙƙi ne a wuyanka.

Batun gasa, a nan zan ja maka kunne, don ni an taɓa cuta ta. Na biya kuɗin shiga wata gasa da na gani a intanet, na tura hotuna biyar da na fi ji da su, ban karanta sharuɗɗa ba. Sakamako bai taɓa fitowa ba. Da na koma na karanta ƙananan rubutun, sai na tarar na ba su damar amfani da hotunan yadda suka ga dama har abada. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Saboda haka ka karanta sashen haƙƙin mallaka kafin ka danna komai. Ka sani kuma gasar World Press Photo, wadda aka fara a Amsterdam a 1955 kuma take cikin mafi daraja a aikin hoton jarida, ba ta karɓar kuɗin shiga, ko da yake ta ƙwararru ce. Ga mai farawa akwai Wiki Loves Africa, da ake yi tun 2014, kowace shekara da takenta. Kyauta ce, amma ka fahimci sharaɗinta da kyau: hoton zai shiga Wikimedia Commons, rumbun hotunan da Wikipedia take amfani da shi, da lasisin da ya ba kowa damar amfani da shi muddin ya ambaci sunanka. A fili suke faɗar haka tun farko, sai ka zaɓi hoton da ka yarda ka sake.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Baba. Da waya kawai nake ɗaukar hoto, shekara biyu ke nan, kuma ina son abin har zuciyata. Amma kwanan nan duk abin da na ɗauka sai in ga kamar na taɓa ganinsa a wajen wani. Ko fita da niyyar ɗauka ba na sha'awa. Me zan kalla da zai dawo mini da ƙwazo? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai, don na san wannan gajiya. Ba wayarki ce ta gaza ba. Idonki ne ya ƙoshi da abu iri ɗaya. Kina ganin ɗaruruwan hotuna a rana, kowanne na daƙiƙa ɗaya, kuma masu su duk juna suke kwaikwayo. Maganin da na sani shi ne ki rage yawa ki ƙara daɗewa: hoto ɗaya a rana, minti 10, daga hannun wanda ya ba aikin rayuwarsa.

Ki fara da shafin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka. A can akwai hotuna baƙi-da-fari kusan 175,000 da gwamnatin ƙasar ta sa aka ɗauka tsakanin 1935 da 1944, lokacin da talauci da fari suka tarwatsa manoma. Kowa na iya buɗe su. Ki nemi hoton da Dorothea Lange ta ɗauka a 1936 a Nipomo, jihar Kalifoniya, wanda aka fi sani da Migrant Mother. Mace ce 'yar shekara 32, sunanta Florence Owens Thompson, zaune da jariri a cinya. Yara biyu sun jingina da kafaɗunta sun juya wa kyamara ƙeya. Yatsunta suna taɓa gefen bakinta, goshinta a tattare, idonta ya wuce mai hoton yana kallon wani abu can nesa. Ki tambayi kanki: da yaran nan sun juyo suna kallonmu, ina idona zai je? Zai rabu uku. Da suka juya baya, sai duk nauyin hoton ya taru a fuska ɗaya.

Abin da ya sa na zaɓar miki wannan hoto shi ne laburaren ya ajiye har da wasu daga cikin sauran hotunan da Lange ta ɗauka a wannan zama. Ki jera su. A wani tana nesa, ana ganin tantin gaba ɗaya da filin da ke bayansa. A wani ta matso, ga akwati a gaba yana jan ido. Tana ɗauka tana matsowa, tana zubar da abin da ba ya aiki, har ta isa inda ba sauran abin cirewa. Ranar da na fara ganin wannan jeri na daɗe ban tashi ba. Shekaru ina zaton gwanaye suna ɗaga kyamara ne sau ɗaya abin ya faɗo musu. Ashe su ma lalube suke yi, sai dai ba sa tsayawa a hoton farko.

Daga nan ki nemi Seydou Keïta na Bamako, babban birnin Mali, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a 1948. Hotunansa suna shafukan manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Da hasken rana ya fi yin aiki, kuma saboda tsadar fim, sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Ki kalli yadda yake rataya ƙyalle mai zane a bayan mace mai sanye da tufafi masu wani zanen daban. A ƙa'idar littafi ya kamata su yi faɗa, amma a hannunsa sai su taru su tallafi fuskar. Ki kalli hannaye musamman: inda ya ajiye kowane hannu, yadda ya karkatar da kafaɗa, yadda yake ba mutum rediyo ko agogo ko babur ya tsaya da shi. Duk wanda ya zauna a gabansa ya fito da mutuncinsa cikakke. Ɗan ƙasarsu Malick Sidibé kuwa matasa ya bi da kyamara cikin dare suna rawa, kuma a 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na Venis. Ki ajiye hoton Keïta kusa da na Sidibé. Gari ɗaya ne, amma ɗaya natsuwa yake nema, ɗaya motsi.

Idan kina son labari cikin hotuna, shafin Magnum Photos yana nan, ƙungiyar da Robert Capa da Henri Cartier-Bresson da George Rodger da David Seymour suka kafa a 1947. World Press Photo ma ta ajiye hotunan da suka ci gasarta shekara da shekaru, sai dai ki shiga da shiri, akwai na yaƙi da bala'i masu nauyi a zuciya. Gidan adana fasahar zamani na MoMA da ke New York kuma yana da darasi a shafin koyon karatu na Coursera mai suna Seeing Through Photographs. Ba ya koyar da danna maɓalli, kallo yake koyarwa, kuma shi ne abin da kike nema yanzu.

Ga yadda za ki yi da kowane hoto. Ki samu ƙaramin littafi. Ki rubuta daga ina haske ya fito, kuma mai kaifi ne ko mai laushi. Ki rubuta inda mai hoton ya tsaya, a tsaye yake ko a durƙushe. Ki bi gefuna huɗu na hoton da ido ki ga me ya bari ya shigo, me ya yanke. Sannan ki rufe wani ɓangare da yatsa ki ga ko hoton ya rushe. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma da irin wannan zama yake ƙara sanin ta. In hoto ya kama ki, ki fita ki kwaikwayi haskensa da tsayuwarsa ba tare da jin kunya ba, haka kowa ya koya. Abin da ba a yi shi ne ɗaukar hoton wani a sa masa sunan kai.

Game da cewa komai an riga an ɗauka, ki nemi J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoto ɗan Najeriya da ya rasu a 2014. A 1968 ya fara ɗaukar gyaran gashin mata, abin da kowa yake gani kullum ba ya waiwaya. Sau da yawa daga baya yake ɗauka, bango fili, babu fuska, sai siffar gashin kawai tana tsaye kamar gini. Bai bari ba shekara da shekaru, har hotunan suka kai wajen 1,000, kuma yau suna rataye a manyan gidajen fasaha. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya buƙatar abin da wayarki ba za ta iya ba a haske mai kyau.

To ga aikinki, 'yata. Ki zaɓi abu ɗaya da kike wucewa kullum: hannayen masu aiki, ko ƙofofi, ko inuwar da ke faɗowa a bango ɗaya a lokuta daban-daban. Ki ɗauke shi kowace rana har kwana 30, kuma kowace rana kada ki tsaya a ɗauka ɗaya, ki matsa, ki durƙusa, ki zagaya, kamar yadda Lange ta yi. Kada ki ɗora ko ɗaya a intanet kafin kwanakin su cika. Ranar ta 30 ki zaɓi tara, in da hali ki wanke su a takarda ki shimfiɗa a ƙasa ki tsaya a kansu. Ki aiko mini da uku daga ciki ta adireshin mujallar nan, tare da wanda kika fi shakka a kansa, mu duba su tare a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.